Dawaki Goma Sha Ɗaya a Kogin Li

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou saro kaya ya san zaman jiran kamfani. Ka zaɓi zane, ka biya rabin kuɗi, an ce maka Talata. Talata ta zo an ce inji ya tsaya, sai Asabar. Ba ka da aikin yi sai ka sauko daga otal ka zaga unguwar Xiaobei, ka ci shinkafa da miya a wurin 'yan Mali, ka koma ka kwanta kana lissafin kuɗin ɗaki. A cikin irin wannan zaman ne ejan ɗinmu, wani yaro ɗan Maraɗi da ya yi karatu a can har Sinanci ya zauna a bakinsa, ya iske ni da Alhaji muna cacar baki a kan rimot ɗin talabijin da ba ma jin abin da take cewa. Ya ce gara mu fita mu sha iska kafin a ji kanmu.

Alhaji maƙwabcina ne a Kantin Kwari. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya fara riƙo hannuna ya kawo ni Chaina. A wurinsa tafiya uku ce a duniya: aikin Hajji, fatauci, da gaisuwar mutuwa. Duk wanda ya biya kuɗin mota don ya je ya kalli dutse, a ganin Alhaji, dangi ne ya kamata su zauna a kansa.

Yaron bai yi masa musu ba. Takardar yuan 20 ya zaro ya juya bayanta: wasu duwatsu masu tsini, kogi ya ratsa tsakaninsu, ga mutum guda a kan ɗan kwale-kwale. Ya ce wurin nan yana nan da gaske, a kogin Li, tsakanin birnin Guilin da garin Yangshuo a yankin Guangxi, kuma jirgin ƙasa mai gudu zai kai mu cikin kamar awa uku. Alhaji ya karɓi takardar, ya ɗaga ta saitin fitila ya tabbatar ba jabu ba ce, sannan ya ce, "To, wurin da gwamnati ta sa a jikin kuɗi ai ba zai rasa kasuwa ba." Da wannan aka ci shi. Yaron ya yanka mana tikiti, ya rubuta mana wata 'yar takarda da Sinanci wadda ke cewa ba ma cin alade ba ma shan giya, ya ce shi yana da kwantena da zai loda, Allah ya kiyaye hanya.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ni da ruwa ba ma ga maciji. Tun ina yaro kakata ta dasa mini cewa kowane kududdufi da mai shi, kuma har na yi gemu ban ga dalilin da zai sa in je in gwada maganarta ba. Dam ɗin Tiga ma ta tagar mota na san shi.

Bayan mun isa Guilin, da sassafe motar masu yawo ta ɗauke mu a ƙofar otal. Jagorarmu wata 'yar siririyar yarinya ce, tuta a kan sanda a hannu ɗaya, lasifika rataye a ƙugu, kuma tun da ta buɗe baki ban ga ta tsaya ta ja numfashi ba. Tana bin mutane tana liƙa musu sitika mai lamba a ƙirji. Ta iso kan Alhaji, wanda ya sha farar shadda gezna mai aska takwas da hula zanna, buta a hannu, ya yi baya da sauri.

"A'a 'yar nan, miƙo nan in liƙa da kaina."

Ya duba rigarsa, ya duba sitikar, ya ga ba za su haɗu ba, sai ya manna ta a jikin butar. Daga nan har ƙarshen tafiyar, duk sanda yarinyar za ta ƙirga mutanenta, sai ta nemo butar ta gan ta hankalinta yake kwanciya.

Jiragen ba daga cikin gari suke tashi ba, sai an fita wata tasha a bayan gari. A can aka duba fasfo, aka tura jakunkuna cikin na'ura, na'ura ta yi ƙara a kan tawa. Ma'aikacin ya zaro kwalbar yajin da uwargida ta daka mini, ya jujjuya ta, ya buɗe, ya kai hanci. Ban san adadin atishawar da ya yi ba, amma sai da layi ya tsaya. Abokin aikinsa ya zo ya lakata a yatsa ya ɗanɗana, ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ɗaga mini babban yatsa. Sai da na zuba masa kaɗan a takarda muka wuce.

Jirgin hawa biyu ne da rufin da ake hawa a tsaya kallo, ƙasa kujeru da tebura, can baya kuma kicin a buɗe, ana ta soye-soye a manyan kasake. Ba mu kaɗai ba ne. Jiragen a jere suke tashi, wannan na bin wancan, duk wanda ke gabanku kicin ɗinsa kuke kallo da hayaƙinsa. Ina zama na nemi rigar ceto. Ma'aikaciyar ta nuna mini inda suke a ajiye, alamar in buƙata ta taso. Na nuna mata cewa tawa buƙatar ta riga ta taso. Haka na zauna a tebur da jibgegiyar riga ruwan goro a kan kaftani, na ɗaure kowace igiya tamau, ni kaɗai a duk jirgin, har da yara.

Mun ɗan yi nisa Alhaji ya taɓo ni ya nuna taga. Damina ta wuce, ruwan ya ja baya, garai-garai har kana iya ƙirga tsakuwar ƙasa. Can gefe wata ɓauna ce tsaye a cikin kogin, ruwan bai wuce cikinta ba, tana tuƙa tana kallonmu.

"Malam," in ji Alhaji, "ko ka faɗa, miƙewa kawai za ka yi ka tako."

Na ce masa ai ɓauna ta fi ni tsawon ƙafa ta wani fannin, kuma an ce da damina kogin nan yana cika har a dakatar da jirage. Ya ce yanzu damina ake? Ban cire ba.

Sai kuma muka hau sama, kuma a nan dole in ajiye wasa kaɗan. Na ga Dala, na ga Goron Dutse, na ga duwatsun hanyar Abuja, amma ban taɓa ganin ƙasa ta yi irin wannan ba. Fili ne shimfiɗe, gonaki da 'yan ƙauyuka, sai kawai dutse ya miƙe tsaye daga cikinsa, ba gangare ba shiri, kore shar tun daga gindi har ƙoli. Bayansa wani, bayan wannan wani, har inda ido ya gaza, na nesa suna dusashewa cikin hazo. Wanda ya ga hotunan dalar gyada ta Kano a zamanin da take, ya ƙaddara an jera dubbai, an bar su shekaru har itatuwa suka tsiro a kansu, sannan aka sako kogi ya bi ta tsakiya. Gora ta sunkuyo a gaɓa tana taɓa ruwa. Mata na wanki a kan duwatsu. Na buɗe baki zan ce Subhanallahi, lasifikar yarinyar nan ta rigaye ni.

Domin a tafiyar nan ba a barin ka da dutse ku biyu. Kowane dutse an riga an raɗa masa suna, an kuma yanke abin da ya kamata ka gani a jikinsa. Wannan mace ce goye da ɗa tana jiran mijinta. Wancan alƙalami ne. Wancan tuffa. Tana faɗa da Sinanci, mutum ɗari su ce "ooo" su juya dama. Ta maimaita da Turanci saboda mu, kafin mu juya dutsen ya wuce. Ni dai a raina na ce wanda ya halicci abin nan bai nemi a taya shi da tuffa ba.

Wanda ya yi mana bayani mai kan gado wani dattijo ne da muke tebur ɗaya, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, mai Turanci a hankali irin wanda nake iya kamawa. Ya ce duk wurin nan a da ƙarƙashin teku yake. Ɓawon halittun ruwa ya yi ta taruwa a ƙasa yana danƙarewa, shekaru fiye da miliyan 300 da suka wuce, har ya zama farin dutse mai kauri. Daga baya ƙasa ta ɗago, teku ya janye. Ruwan sama kuma idan ya haɗu da iskar da ke sama da wadda ke cikin ƙasa yana ɗan yin tsami, irin tsamin da harshe ba zai ji ba amma farin dutse yana ji. Sai ya bi tsaga yana lasa, ga zafi ga yawan ruwa a yankin, tsaga ta zama rami, rami ya zama kwari, har aka cinye na cinyewa. Waɗannan da muke gani su ne suka rage. Ya ce cikinsu ma duk kogo ne, wasu har da koguna na gudu a ƙarƙashi, kuma wani matafiyi mai suna Xu Xiake ya zo nan a 1637 ya yi ta shiga kogunan dutsen da ƙafa yana rubuta abin da ya gani.

Ina fassara wa Alhaji yana gyangyaɗa kai ba tare da sha'awa ba, har na zo kan irin dutsen.

"Dakata. Wane dutse ka ce?"

"Farin dutse, ranka ya daɗe. Irin wanda ake siminti da shi."

Alhaji ya miƙe zaune. Ya dubi taga da wani sabon ido. Na ga leɓensa na motsi, na san ba tasbihi yake ba.

"Kana nufin irin na Ashaka da Obajana? Duk wannan? Suka bar shi ciyawa na ci?"

Na tambayi malamin. Ya yi dariya har da tari, ya ce tun 2014 hukumar UNESCO ta sa duwatsun Guilin cikin kayan gadon duniya, ko tsakuwa ka fasa a nan ka jawo wa kanka. Alhaji ya ce Allah yakan ba wa mai wuƙa nama, wani lokacin kuma ya ba wa mai kyamara. Abu ɗaya ne ya burge shi a duk bayanin: da malamin ya ce can sama wajen mafarin kogin akwai wata hanyar ruwa mai suna Lingqu, wadda sarki Qin Shi Huang ya sa aka haƙa aka gama a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa, ta haɗa wannan kogin da kogin Xiang don a riƙa kai wa sojojinsa abinci kudu. Alhaji ya ce, "Yawwa. Wannan shi ne ya san abin da ake yi da kogi."

Hantsi ya yi, Alhaji ya ce walaha, wadda bai taɓa bari ta wuce shi ba ko a filin jirgin sama. Ya ɗauki fasinja mai lamba ya je ya yi alwala, muka sami wani lungu a sama ya shimfiɗa darduma. Na buɗe manhajar alƙibla a waya, ta nuna yamma. Wannan ya saba da shi a Guangzhou, ko da yake har yau yana yi ne yana ƙunƙuni, mutumin da ya shekara sittin yana duban gabas. Matsalar ita ce kogin Li ba ya tafiya miƙe. Kafin ya tayar da kabbara jirgin ya sha kwana, allura ta koma wajen kicin. Ya ce malamansu sun ce wanda ke cikin jirgin ruwa yana juyawa ne duk inda alƙibla ta juya, don haka in tsaya a gefensa in riƙa nuna masa da hannu. Na tsaya da rigata ruwan goro, waya a tafin hagu, hannun dama a miƙe, ina juyawa a hankali, Alhaji na bina. Raka'a biyu ce, amma kafin ya sallame mun gaisa da kowane ɓangare na jirgin. Da na ɗago, mutane sun yi da'ira nesa kaɗan, shiru, cikin ladabi, wasu sun ɗauka ni ma'aikaci ne ina ba direba hanya.

Daga cikinsu wani tsoho mai farar hula da ɗan gemu ya matso ya ce, "Assalamu alaikum." Alhaji ya kusa faɗuwa. Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki, wannan na Hausa wancan na Sinanci, kowa na amsa wa ɗan'uwansa da "Alhamdu lillahi". Ashe Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui, shi da matarsa suka zo daga arewa.

Sallar nan ce ta buɗe ƙofa. Wata tsohuwa ta zo ta tsaya gefen Alhaji, jikarta ta ɗauke su hoto. Sai ƙawarta. Sai mijin ƙawar. Kafin ka ce kwabo an yi layi. Mutane sun biya kuɗi sun zo kallon duwatsun da suka shekara miliyoyi ana sassaƙa su, suka juya musu baya suna hoto da aska takwas. Alhaji tun yana ɗaure fuska har ya fara gyara hula yana saɓa hannun riga. Ni ba wanda ya nema, sai wani yaro da ya zo ya ja igiyar rigar cetona ya ga ko za ta yi ƙara.

Ana cikin haka lasifika ta ɗauki zafi, jama'a suka ruga gefe guda har na ji jirgin ya ɗan karkata, na damƙe ƙarfe. Mun iso Dutsen Dawaki Tara. Wani bango ne na dutse, tsaye sak a bakin ruwa, faɗinsa da tsayinsa abin tsoro, jikinsa dabbare-dabbare da fari da baƙi da rawaya inda ruwa ya yi ta zuba shekara da shekaru. Yarinyar ta ce a cikin dabbaren nan akwai dawaki tara. A zamanin da ake jarrabawar sarki ta ɗaukar manyan ma'aikata, wadda aka soke a 1905, ana cewa duk wanda ya ga taran nan shi zai zo na ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Mutum na yau da kullum yakan ga uku ko huɗu.

Alhaji gidansu gidan hawa ne, tun yana ɗan shekara bakwai yake bin tawaga a hawan Daushe. Ya ƙura wa bangon ido, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Babu doki a nan."

"Ranka ya daɗe, an ce tara."

"Na ce babu. Wancan na sama, in an matsa, jaki ne da ya sha wuya. Doki ba ya tsayuwa haka."

Ni kuwa yarinyar ta biyo layi tana tambayar kowa nawa ya gani. Wannan ya ce biyar, a tafa masa. Wata ta ce bakwai, aka yi shewa. Ta iso kaina ta miƙo mini makirifo. To ni ɗan Kwari ne. A wurinmu idan aka ce tara, ba a amsawa da tara, sai ka san inda ka taya. Na ce goma sha ɗaya.

Lasifikar ta yi shiru, karo na farko tun safe. Ta ce tara ne kawai. Na ce ta ƙirga da kyau, akwai biyu can ƙasa, ɗaya ma da ɗan mage a gefensa. Ta fassara wa jama'a. Wallahi sai ga mutane sun koma jikin ƙarfe suna nuna ƙasan bangon da yatsa, wani mai gilashi yana rantsuwa ya ga na goma. Har dutsen ya ɓace a bayanmu ana gardama. Ni dai har gobe a kan sha ɗaya nake, wanda bai yarda ba ga hanya nan.

Ba a jima ba aka sanar cewa mun kusa Xingping, wurin da ke jikin kuɗi. Kowa ya zaro yuan 20 ya ɗaga, ana daidaita dutsen takarda da dutsen gaske a ɗauka a waya. Na laluba aljihu, babu sai 'yan ɗari-ɗari. Tsohuwar nan da ta fara hoto da Alhaji ta gane halin da nake ciki, ta miƙo mini tata, sabuwa fil. Na riƙe ta da yatsa biyu a gefe don kada in rufe hoton, na miƙa hannu waje, na ce Alhaji ya ɗauka. Alhaji bai iya kyamarar waya ba. Yana neman inda ake dannawa, jirgin ya karya kwana, iska ta zo ta ce fyu.

Mu duka muka bi takardar da kallo. Ta yi sama, ta juya, ta sauka a hankali a kan ruwa daidai gaban dutsen da aka zana a jikinta. Wani mai kwale-kwale, irin waɗanda a da ake ɗaurawa da gora yanzu kuma da fararen bututun roba da ɗan inji a baya, ya karkato ya tsince ta da sanda ya ɗaga mana hannu alamar godiya.

Na zaro yuan 100 na ba tsohuwar. Ta ƙi. Na nace. Ta ture. Alhaji ya ce bashi hanji ne, dole ta karɓa. Da ƙyar ta karɓa, sannan ta shiga neman canji, duk jirgin ba mai canji, kowa da waya yake biya, 'yan ashirin ɗin ma don hoton aka tanade su kuma ba mai rabuwa da tasa. A ƙarshe ta cika mini hannu da 'yan ƙananan lemo masu ɗaci-ɗaci da ake ci har ɓawo. Hoton da Alhaji ya ɗauka yana nan: babban yatsansa ne, sai gefen rigar ceto.

Abinci ya zo a 'yan akwatuna. Na miƙa takardar ɗan Maraɗi, aka karanta, aka ɗauke namu, aka dawo da farar shinkafa da ganye. Ina cikin barbaɗa yaji sai ga wani ma'aikaci da faranti: ƙananan kifi soyayyu, jatan lande, da 'yan ƙaguwa. Ya nuna kogi, ya nuna farantin, ya yi murmushi. Na ce ka ga mutanen kirki, sun ga an hana mu nama sun kawo mana maimako. Na gyaɗa kai. Ya kawo na biyu, na sake gyaɗawa. Sai da muka suɗe ya dawo da 'yar na'urar karɓar kuɗi. Abin da ya rubuta ya kusa kuɗin kujerar mutum guda. Shekara nawa ina sayar wa mutane yadi ina ce musu saura shi kenan, ban taɓa ganin wanda ya sayar da kaya bai furta kalma ko ɗaya ba sai ranar. Alhaji ya ce in tambaye shi ko yana son aiki a Kano.

Bayansa wani ya biyo da ƙatuwar kwalba a rungume, yana zagayawa tebur-tebur da ƙananan kofuna. Ya dire ta gaban Alhaji. Giya ce, kuma a cikinta maciji ne naɗe, kansa na sama, idonsa a buɗe. Ban taɓa sanin Alhaji na iya tsallake tebur da babbar riga ba. Tsohon nan mai farar hula ne ya janye mu zuwa wurinsu, matarsa ta kwance ƙunshi, ga gurasa ga dafaffen ƙwai ga busasshen naman sa. Mu kuma muka fito da dabino da yaji. Wannan ne abincin da ya zauna mana, kuma shi kaɗai ne ba a kawo na'ura a bayansa ba.

Daga Guilin zuwa Yangshuo kogin kilomita 83 ne, jirgin yana cin mafi yawansa cikin kamar awa huɗu. Azahar ta yi muka sauka. Sai a kan tudu na cire rigar ceto, ma'aikaciyar ta karɓa da hannu biyu.

A bakin gaɓa wani tsoho ne zaune da malafa da rigar kaba, ya saɓa sanda a kafaɗa, kowane gefe wani baƙin tsuntsun ruwa mai dogon wuya. Da su ake kamun kifi a kogin tun kaka da kakanni: a ɗaure wa tsuntsun wuya da zare sako-sako, ya nutse ya kamo, ƙaramin kifi ya wuce, babba ya maƙale, maigida ya karɓe. Yanzu kamun hoto ya fi kamun kifi kawo kuɗi. Da na yi wa Alhaji bayanin zaren sai ya tsaya cak.

"Tambaye shi inda ake sayar da zaren nan. Ina da yara uku a shago."

Tsohon ya ga mun tsaya, kafin mu ankara ya ɗora wa Alhaji sandar a kafaɗa ya kifa masa malafa a kan zanna. Jama'ar jirginmu suka yi caa da wayoyi. Tsuntsun dama ya dubi Alhaji, Alhaji ya dube shi. Na hagu kuwa bai dubi kowa ba, ya ɗaga jela kawai ya yi abin da ya kawo shi, tun daga kafaɗa har aska ta takwas. Wanda bai san abin da tsuntsu mai cin kifi zalla yake fitarwa ba, ya gode wa Allah. Tsohon ya miƙo hannu a biya shi kuɗin hoto. Alhaji ya ce shi za a biya. Ruwan butar nan kaf a kan gezna ya ƙare.

Daga tashar zuwa cikin gari sai ka bi ta wata doguwar rumfa ta 'yan tireda, ba hanyar kaucewa. A nan na ga gyale irin wanda nake saro dila-dila a Guangzhou, an ce na hannu ne, wata tsohuwa ce ta saƙa a ƙauye. Na juya bakinsa na ga ɗinkin inji na gane shi sarai. Na yi wa mai shagon kallon mun san juna, ita ma ta yi mini, muka rabu lafiya.

A titin Yamma, inda duk baƙi ke taruwa, yunwa ta dawo. Ko'ina hoton kifi ne a cikin jar miya da tumatir da tattasai, an ce shi ne abincin garin. Alhaji ya ce kifi dai ba ya buƙatar yanka. Na nuna takarda, yarinyar ta karanta, ta gyaɗa kai: ba alade, kuma ba za a kawo mana abin sha ba. Muka zaɓi kifi da ransa, aka auna, aka biya. Kicin ɗin a buɗe yake, muna kallo mai dafawa ya soya shi da ɓawonsa, ya zuba tumatir, ƙamshi ya tashi, Alhaji har ya fara naɗe hannun riga. Sai mutumin ya miƙa hannu ya ɗauko koriyar kwalba, ya fasa murfin da gefen kasko, ya tuttule ta duka a kan kifinmu. Kumfa ta taso.

"Inna lillahi," in ji Alhaji. "Malam, me ya zuba?"

"Abin da kake zato, ranka ya daɗe."

Ashe sunan abincin ma kifin giya. Yarinyar ta kasa gane abin da ya tayar mana da hankali, tana nuna takardar tana nuna kofunanmu, ga shayi ta kawo. Alhaji ya ce takarda ta ce ba ma sha, ba ta ce kifinmu ba ya sha ba, laifin ɗan Maraɗi ne. Muka bar shi a kan tebur yana tururi. Wani shago mai koren allo na masu taliyar Lanzhou, irin waɗanda Musulmi ke buɗewa a kusan kowane gari a ƙasar, shi ya rufa mana asiri. A bayan shagon muka haɗa azahar da la'asar, alƙibla na tsaye wuri guda.

Tikitin komawarmu Guangzhou an rubuta tashar Yangshuo, mu kuma ga mu a Yangshuo, don haka muka miƙe ƙafa muka ƙara shayi. Saura kamar rabin awa muka tare tasi, na nuna wa direba tikitin. Ya dubi tikiti, ya dubi agogo, ya dube mu, ya yi wata 'yar dariya da ba ta buƙatar tafinta. Tashar Yangshuo ba a Yangshuo take ba. Tana can wajen Xingping, tafiyar kusan awa guda a mota, wato baya za mu koma, wurin da kuɗin tsohuwa ya tashi. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Mun iso mun tarar da tashar tsaf-tsaf, an share, ba jirgi.

Babu wani mai kujera sai gobe. Direban ya ji tausayinmu ya ce zai kai mu masauki a cikin Xingping. Muna shiga garin, maimakon ya tsaya a ƙofar otal sai ya zarce bakin kogi, ya kashe mota, ya fito yana yafito mu da fara'a, alamar yana da abin da zai nuna mana wanda zai wanke mana zuciya. Ya tsayar da ni a bakin ruwa, ya nuna duwatsun da ke tsallake, ya sa hannu a aljihu ya zaro yuan 20 ya miƙo mini.

Alhaji ya yar da buta ya rungume hannayena biyu ta baya.

"Kada ka karɓa! Malam direba, don girman Allah mayar da kuɗinka aljihu, ba mu da canji."